Tattaki a kwazazzabon Kogin Fish na Namibiya: me ya sa ake gindaya sharuɗɗa masu tsauri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin wata ƙungiyar matasa da ke hawan duwatsun Shere a kusa da Jos kusan kowane ƙarshen mako. Abokan aikina da ke Afirka ta Kudu sun gayyace ni tattakin kwana biyar a kwazazzabon Kogin Fish a Namibiya, amma an ce sai na kawo takardar likita, kuma ba a shiga sai daga watan Mayu zuwa Satumba. A ganina bin gaɓar kogi ya fi hawan dutse sauƙi, tunda ga ruwa a kusa kuma babu hawa. Me ya kawo wannan tsanani, kuma wane shiri ya kamata in yi? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sabon da ka yi da duwatsun Shere zai amfane ka ƙwarai, sai dai akwai bambanci guda da ya kamata ka riƙe tun yanzu, domin daga gare shi dukkan sharuɗɗan nan suka samo asali. Wanda ya gaji a kan dutse yana iya juyawa ya gangaro ya koma gida a ranar, amma wanda ya sauka cikin kwazazzabo ya shiga wurin da katangun dutse suka tsare shi dama da hagu, kuma hanyar fita tana gabansa da nisan kwanaki.

Kwazazzabon Kogin Fish yana kudancin Namibiya, cikin gandun Ai-Ais da Richtersveld wanda Namibiya da Afirka ta Kudu suka haɗa gwiwa a kansa tun 2003. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 160, faɗinsa a wasu wurare kilomita 27, zurfinsa kuma ya kai mita 550. Hanyar tattakin tana farawa ne daga bakin kwazazzabon kusa da sansanin Hobas, ta ƙare a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Ai-Ais, tafiyar kimanin kilomita 85, wadda yawancin mutane suke yi cikin kwana huɗu ko biyar. A tsakanin waɗannan wurare biyu babu ƙauye, babu shago, babu ɗakin kwana, kuma wayar salula ba ta samun sabis. Duk abin da za ka ci, da abin da za ka kwanta a kai, a bayanka yake.

Saukar farko ita ce ta fi wahalar da mutane. Gangara ce mai tsananin tsayi, a kan tsakuwa da duwatsun da ke gocewa ƙarƙashin ƙafa, har an kafa sarƙoƙi a sashenta na sama domin mutum ya riƙe. Da jaka mai nauyi a baya, gwiwoyi ne suke ɗaukar dukkan wahalar, kuma da yawa suna isa ƙasa cinyoyinsu na rawa. Wanda ya yi targaɗe ko ya karye a ƙasa, fitar da shi babban aiki ne: ko dai a bi da shi ta hanyar gaggawa mai wuyar hawa, ko a nemi jirgi mai saukar ungulu, kuma kafin labari ya kai ga masu ceto sai wani ya taka da ƙafa ya kai shi, idan ba a tafi da wayar tauraron ɗan'adam ba. Wannan ne dalilin takardar likita, wadda dole ta kasance ta kwanan nan, kuma shi ne dalilin da ya sa ba a ba ƙungiyar da ba ta kai mutum uku ba izini, domin idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya tafi neman taimako. Ina ba ka shawara kada ka ɗauki takardar nan a matsayin cika ƙa'ida kawai. Ka bari likita ya duba hawan jininka da zuciyarka da gaske, ka kuma gaya masa ainihin irin tafiyar da za ka yi.

Batun cewa hanyar ba ta da hawa, gaskiya ne a kan taswira, amma ƙafa ba haka take ji ba. A kwanakin farko za ka riƙa tsallake manyan duwatsun da ruwa ya goge suka yi santsi, kana dafawa da hannu, sannan ka faɗa cikin rairayi mai laushi wanda ƙafa ke nutsewa a ciki, sannan ka ƙetare kogin, ka sake ƙetare shi. Kilomita goma a irin wannan wuri tana iya cinye maka yini guda. Sai an yi nisa zuwa kudu kwarin yake buɗewa, tafiya ta yi sauri, a kuma samu wuraren yanke da ke rage kwane-kwanen kogin.

Game da watanni kuwa, ka tuna cewa Namibiya tana kudu da tsakiyar duniya, saboda haka lokacin da muke cikin damina a nan, su suna cikin sanyinsu. Ana buɗe hanyar ne daga farkon Mayu zuwa tsakiyar Satumba. A sauran watannin zafin da ke ƙasan kwazazzabon yana haura digiri 40, domin duwatsun suna shan rana su riƙe zafin, iska kuma ba ta ratsawa sosai. A cikin waɗannan watannin ne kuma ake samun ruwan sama a yankin da kogin ya fito, can tsakiyar ƙasar, ɗaruruwan kilomita daga inda masu tattaki suke bi.

A nan nake so ka fi mayar da hankali, domin darasin ya shafi ƙungiyarku ko a gida. Ambaliyar kwazazzabo ba ta jiran a ga hadari a saman kai. Ruwan da ya sauka a nesa yana taruwa daga ƙoramu masu yawa ya shigo matsattsen wuri lokaci guda, ɗauke da laka da itatuwa da duwatsu. A watan Agusta na 1997 mutum 11 suka rasu a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona ta Amurka, alhali ruwan saman da ya jawo ambaliyar can nesa da su ya sauka. A watan Satumba na 2019 irin haka ta kashe mutum bakwai a kwazazzabon gandun Hell's Gate na Kenya. Alamomin da ake lura da su su ne ruwa ya fara canza launi ya yi jawur, ganyaye da ƙirare su fara wucewa, ko a ji wani rugugi daga sama. Idan aka ga haka, sai a yar da kaya a hau tudu nan take, kada a ce za a tsere wa ruwan ta bin hanyarsa.

Kusancin ruwa ma yana da sharaɗi. Kogin Fish ba ya gudu duk shekara. Bayan ruwan sama ya ɗauke sai ya koma tafkuna a jere, waɗanda ke ƙara ja baya yayin da watanni ke tafiya, har a shekarun fari akan rufe hanyar saboda ƙarancin ruwa, a shekarun da kogin ya cika kuma akan jinkirta buɗe ta. Ruwan da ya daɗe a kwance, wanda dabbobi ke sha, sai an tafasa shi ko an saka masa ƙwayar tsarkake ruwa, domin gudawa a wurin da babu asibiti tana iya kayar da ƙato. Ka cika gorunanka a duk inda ka samu ruwa mai kyau, ka kuma tafi da ƙunshin gishiri da sukari na haɗa ruwan da ake ba mai gudawa.

Shirin da ya fi dacewa da kai shi ne ka fara hawan da ka saba da jaka mai nauyi a baya, kwana biyu ko uku a jere, kana mai da hankali ga gangara fiye da hawa, kuma da takalmin da za ka tafi da shi, domin sabon takalmi yana fitar da bororo tun ranar farko. Nauyin jakar kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinka. Dare yana da sanyi sosai a watannin Yuni da Yuli, don haka kana buƙatar jakar barci mai kauri da rigar sanyi. Abinci ya zama marar nauyi mai riƙe ciki, kamar dabino da gyaɗa da taliya, da ƙaramin murhun gas. Ka ɗaure abincinka da kyau saboda gwaggon biri, ka kuma kakkaɓe takalminka kowace safiya saboda kunama.

Hukumar Namibia Wildlife Resorts ce ke karɓar rajista, kuma mutum 30 kaɗai ake bari su fara tattakin a kowace rana, shi ya sa gurabe suke cika tun watanni kafin a buɗe. Ka ce wa abokanka su kama muku rana da wuri, su kuma tambayi hukumar halin da ruwan kogin yake ciki idan tafiyar ta matso.