Kifin oto a sabon tanki: duba cikinsa kafin ka nemi magani

Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Ka ce tankinka bai wuce sati uku da haɗawa ba, gansakuka mai ruwan ƙasa ta fara rufe gilashi, sai ka sayo kifin oto guda uku don su cinye ta. Sun cinye ta tas, daga nan biyu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, na ukun kuma ya maƙale a lungu ba ya ko motsi. Kana tambaya ko cuta ce, kuma wane magani za ka zuba. Don Allah kada ka zuba komai tukuna. A yadda ka kwatanta, yunwa nake zargi kafin cuta.

Shi oto, wato Otocinclus, ɗan ƙaramin kifi ne dangin tarwada, asalinsa kogunan Kudancin Amurka, tsawonsa ba ya wuce santimita 4 zuwa 5. Akasarin waɗanda ake sayarwa daga kogi aka kamo su, ba a tanki aka ƙyanƙyashe su ba. Daga kamu zuwa jigila zuwa hannun mai sayarwa, sukan yi kwana da kwanaki babu abin lasa, alhali shi kifi ne da yake wuni yana kiwo. Kafin ya iso gare ka ya riga ya galabaita. Ya sami 'yar gansakukar da ke kan gilashinka, ya share ta cikin kwana biyu ko uku, shi ke nan abinci ya ƙare, domin sabon tanki ba shi da wannan yauƙin da ke taruwa a jikin duwatsu da itace da ganyaye, wanda shi ne rabin abincinsa.

Ka jira wanda ya rage ya manne a gilashin gaba, ka kalli cikinsa da kyau. Mai ƙoshi cikinsa fari ne a cike, kamar ya haɗiyi ƙwayar wake. Idan ka ga ya shafe ko ya lotsa ciki, to amsarka ke nan.

Abin da nake yi, kuma shi nake so ka yi yau: ka yanka kokwamba ko zukini (wani dangin kabewa mai kama da kokwamba), ka jefa yankan a tafasasshen ruwa kamar minti ɗaya don ya yi laushi, ka bari ya huce, ka soke shi da cokali mai yatsu ya nutse kusa da inda kifin yake zama. Da dare za ka sa, bayan ka kashe fitila. Kada ka karaya idan bai kula ba a daren farko, don bai san abinci ba ne. Sai kayan ya fara saki yake gane shi. Ranar da ya gane, da safe za ka tarar an kankare tsakiyar yankan an bar ɓawo, shi kuma yana manne a jiki bakinsa na ta aiki. Amma kada yanka ɗaya ya wuce awa 24 a ruwa, zai ɓata shi. A gefe guda ka sami kwalba mai faɗin baki, ka zuba ruwan tanki da 'yan duwatsu masu santsi, ka ajiye inda rana ke dukanta. Cikin sati ɗaya zuwa biyu duwatsun za su yi kore, sai ka riƙa sauya su da na cikin tanki. Wannan dabarar ta fi mini duk wani abincin gwangwani, ko da yake ana iya haɗawa da ƙwayar abincin gansakuka mai nutsewa. Wasu oto ɗin suna ci, wasu ko kallo ba ta ishe su ba.

Ka kuma sani ba kowace gansakuka yake ci ba. Mai ruwan ƙasa da koriya mai laushi su ne nasa. Baƙa mai kama da gemu da ɗigo-ɗigon nan masu tauri da ke liƙe wa gilashi, ba ruwansa da su.

Sai maganar ruwa, wadda ita ma ina jin tana da hannu. Tankin sati uku sau da yawa bai gama tara ƙwayoyin bakteriyar da ke zama cikin filta suna narkar da kashin kifi ba, abin yakan ɗauki sati 4 zuwa 6. Ka gwada ruwan: amoniya da naitirait, wato gubar da ke samuwa daga kashin kifi, dole su zama sifili, naitiret kuma, wanda shi ne abin da bakteriyar ke mayar da su, gara ya tsaya ƙasa da miligiram 20 a kowace lita. Idan biyun farko sun nuna wani abu, ka canza kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan nan take, da wanda aka cire wa kulorin kuma ɗuminsa ya yi daidai da na tanki. Ɗumi tsakanin digiri 22 da 26 ya yi, kuma yana son ruwa mai ɗan gudu mai wadatar iska. Dalilin da na hana ka magani shi ne, da yawa cikin magungunan kifi akwai jan ƙarfe a ciki, oto kuma ba ya jure shi. Gishiri ma haka.

Idan wannan ya farfaɗo, kada ka yi saurin ƙaro masa 'yan'uwa. Ka bar tankin ya yi kamar wata uku, ya yi tsirrai, sannan ka kawo su zama aƙalla shida, in dai tankin ya kai lita 60 ko fiye. A garke suke rayuwa, kuma ɗaya tilo ɓuya kawai yake yi. Wajen saye ka tambayi yaushe suka iso, ka zaɓi waɗanda suka ɗan jima kuma cikinsu a cike yake. Ka lura kada a haɗa ka da wanda ake kira mai cin gansakuka na Sin, suna ɗan kama tun suna ƙanana, amma shi yana wuce santimita 20 kuma yana damun sauran kifaye. In za ka kama oto kuma, da kofi za ka kama shi, don ƙananan ƙayoyin jikinsa na sarƙewa a raga.

Ka turo mana hoton cikin nasa da sakamakon gwajin ruwan, ka kuma faɗi litar tankin da sauran kifayen da ke ciki, sai mu san abin da za a yi gaba.