Hukuncin koyon zane da fentin mai ta hanyar kwafar hoton masoya da dawaki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na fara koyon zane da fentin mai. Mai koya mana ya ba mu wani tsohon zanen Turai mu kwafa: saurayi ya sauko daga kan doki ya rungume budurwa, kafaɗunta a buɗe, ga dawaki biyu a bakin rafi da yamma lis. Ya ce da kwafa ake koyon haɗa launi. Ya halatta in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ka tambaya tun ba ka tsoma buroshi ba.

Zana mai rai a kan kyalle ko takarda malamai sun yi saɓani a kansa. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun haramta, kuma Imam Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan Hijira, ya tsananta a kai. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Ibn Abbas, sai ya faɗa masa abin da ya ji daga Manzon Allah (SAW): wanda ya suranta sura za a azabtar da shi har sai ya busa mata rai, kuma ba zai iya ba. A ruwayar Bukhari, mutumin ya yi dogon numfashi, fuskarsa ta sauya. Sai Ibn Abbas ya ce masa in dole sai ya yi, to ya zana bishiya da duk abin da ba shi da rai.

Malikiyya kuwa, mazhabar da muka tashi a kanta, sun bambanta gunki da zane. Shehu Dardir, a sharhinsa ga Mukhtasar, littafin fiƙihu na Shehu Khalil, a babin walima, ya ce haram shi ne surar mai rai mai inuwa, wato mai jiki kamar gunki, mai cikakkun gaɓoɓi. Wadda ba ta da inuwa, kamar zanen bango ko takarda, makaruhi ce. Ana kafa wa wannan ra'ayi hujja da hadisin Abu Ɗalha da ya togace zanen da ke jikin tufa. Saboda haka ba zan ce maka zana doki haramun ne kai tsaye ba, sai dai barinsa ya fi.

Abin da ya fi damuna a hoton nan ba dawakin ba ne. Fentin mai ba ya bushewa da wuri; ka shafa yau, ka jira kwanaki, ka dawo ka ɗora wani a kai. Ke nan makonni za ka yi idonka na kan wuyan matar nan, kana cakuɗa fari da ja da ruwan ɗorawa don ka samo launin fatar kafaɗarta. Annabi (SAW) ya ce wa Sayyidina Ali kada ya bi kallo da kallo, na farko nasa ne, na biyu ba nasa ba. To ina ga wanda ya zauna yana ƙera abin kallon da hannunsa, sannan ya rataye wa wasu? Sauƙin da Malikiyya suka yi bai shafi tsiraici da rungumar da ba ta dace ba. Wannan ɓangaren haramun ne, kada ka zana shi.

Ka je wa malaminka cikin ladabi ka nemi ya bar ka ka kwafi rafin, da bishiyoyin, da jan hasken yamman nan da ke kwance a kan ruwa. Wallahi aikin launi da inuwa da ke wurin ya ishe ka gumi. Idan darasin ba ya yiwuwa sai da dawaki, ka sa su can nesa, ko sun juya baya, ba tare da fayyace fuska ba, domin kan abin da aka zana shi ne sura: Jibrilu ya umarci a yanke kan mutum-mutumin da ke gidan Annabi (SAW) ya koma kamar bishiya, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito.

Wallahu a'alam.