Amsa: da gaske an samu wanda ya fi Robert Wadlow tsayi?

Ɗan uwa ka ce ka ga bidiyon wani mutum wai tsayinsa ya kai mita 3, kana tambaya ko ya karya tarihin Wadlow. Gaskiya ni dai ban yarda ba, ai kyamara tana yaudara, a ajiye gajere kusa da shi a ɗauko hoton daga ƙasa shikenan ya koma kamar rimi.

Wadlow ɗan Amurka ne, likitoci suka auna shi a 1940 aka samu mita 2.72, kuma har yau ba wanda aka tabbatar ya kamo shi. Su Guinness, masu kundin bajintar duniya, fa ba sa karɓar "an ce", sai an cire takalmi an auna mutum sau da yawa a yini ɗaya, don da safe mutum ya fi tsayi, zuwa yamma ƙashin baya ya ɗan danne.

Ka tuna Leonid Stadnyk na Yukren? Guinness sun ba shi kambun wanda ya fi kowa tsayi a masu rai a 2007, da ya ƙi yarda su auna shi da kansu suka ƙwace a 2008. Yanzu a masu rai Sultan Kösen na Turkiyya ne, mita 2.51. Shi na bidiyon naka waye ya auna shi?