Amsa ga Yayana a Tudun Wada: Ba Mu Bar wa Gwamnati 'Ya'yanmu Ba

Yaya, barka da war haka. Ya iyali, ya ƙarfin jikin Inna? Na saurari saƙon muryar da ka saka a zauren gidanmu na WhatsApp, na kuma ga 'yan uwa na Kawo da Unguwar Shanu duk sun sa baki. Ka tambaya wai da gaske ne a Ingila mutum ba shi da iko da ɗan da ya haifa, da ka daka masa tsawa sai ya ɗaga waya 'yan sanda su zo su tafi da shi? Ka rufe da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan ta ƙarshen ce ta taɓa ni, shi ya sa zan amsa a gaban kowa.

Tsawa ba laifi ba ce a nan. Hana yaro fita, ƙwace masa waya, tashinsa sallar asuba cikin sanyin Manchesta, duk muna yi, ba wanda ya taɓa ce mana don me. Duka ne ake kai ruwa rana a kansa. A Ingila, dokar yara ta 2004 ta bar wa uba da uwa ɗan horo mara tsanani, irin na tafin hannu. Da zarar ya bar shaida a jiki, kumburi ko tabo ko jini, ya zama laifi. Dorina da bel da wayar wuta kuwa ko kusa. Sikotland ta hana ko da marin ne tun 2020, Wales ta bi sahu a 2022. Ɗauke yaro kuma ba cin tuwo ba ne kamar yadda ake ba ku labari. Ɗan sanda na iya ajiye yaron da ya ga yana cikin haɗari, amma iyakarsa awa 72. In iyaye ba su yarda ba, daga nan sai da umarnin alƙali, kuma dole ƙaramar hukuma ta nuna cewa yaron na fuskantar babbar cutarwa. Iyaye suna samun lauya kyauta, yaron ma da nasa, kuma ana fara neman dangin da za su riƙe shi kafin bare. Dokar yara ta 1989 ta ce a duba addinin yaro da harshensa da al'adarsa in zai zauna a hannun hukuma.

Haka yake a takarda. A aikace kuwa sun taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa. Wata Asabar maman yara na suyar ƙosai, auta ya zo ya raɓe ta, mai ya fantsar masa a hannu. Ran Litinin malamarsa ta ga ƙunar, ta tambaye shi, ya yi shiru ya sunkuyar da kai, don haka muka koya masa ya tsaya gaban babba. Ita kuma ta ɗauki shirun tsoro ne. Sai ga ma'aikaciyar kula da yara da jakarta. Ta buɗe firij, ta hau sama ta ga inda yake kwana, ta ce mu ba ta falo za ta gana da shi su biyu. Muna tsaye a kicin ni da uwarsa, muna jin muryar ɗanmu ta bayan ƙofa, ba damar shiga. Da ta fito ta tarar an shimfiɗa leda a ƙasa, yayyensa sun kewaye faranti ɗaya na tuwo da miyar kuka, sai na ga ta ɗauki biro ta rubuta. Wannan rubutun ya fi binciken firij ɗin ƙona mini rai, domin abin da ubanmu ya tarbiyyantar da mu a kai ne aka shigar a takarda kamar alamar rashi. Bayan wani lokaci wasiƙa ta zo cewa an rufe magana. Maman yara ta daɗe ba ta yarda wani yaro ya leƙo kicin ba.

Duk da haka ba zan ce don ƙin baƙin mutum kawai suke yi ba. Akwai wata yarinya 'yar Kodebuwa, Victoria Climbié, da iyayenta suka ba wata gwaggon mahaifinta riƙo don ta yi karatu a Turai. A Fabrairun 2000 ta rasu a Landan tana da shekara 8, likita ya ƙirga raunuka 128 a jikinta. Asibiti ya gan ta, 'yan sanda da ma'aikatan yara sun san da ita, ba wanda ya cece ta. Binciken mutuwarta ne ya haifi dokar 2004 ɗin. Shi ya sa da kuka ce a turo mini 'yar wajen ɗan baffanmu in riƙe na yi jim. Ban da wahalar biza, duk wanda zai riƙe yaron da bai kai 16 ba har kwana 28, in shi ba kaka ba ne, ko wa, ko ya, ko kawu, ko baffa, ko gwaggo, ko inna, na jini ko na aure, ko mijin uwa, ko matar uba, sai ya sanar da ƙaramar hukuma ta riƙa zuwa dubawa. Kuka ce na zama Bature, na ƙi zumunci. Ni kuwa na san 'yan riƙon da aka yi wa gata a layinmu, na kuma san wadda ta girma da faranti a ka tana tallan gyaɗa a Kasuwar Barci, 'ya'yan gida na makaranta.

Kuma Yaya, yaushe ne a gidanmu uba yake da iko marar iyaka? Ka tuna ranar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya ɗauko maka dorina saboda kun tafi wanka kogin Kaduna? Da ka zura ɗakin Kaka ka shige bayanta, a bakin ƙofa ya tsaya. Ta ce masa ya isa, ya juya bai ce uffan ba. In abu ya fi ƙarfin kaka akwai liman, akwai mai unguwa, akwai alƙali. Ɗa na kowa ne, haka muka taso muna ji. Abin da muka rasa a nan shi ne kakar. Ba wata tsohuwa a ɗakin baya da za ta ce ya isa, don haka wadda ke zuwa baƙuwa ce da ba ta san sunan kakan yaron ba. Ku ma can ai hukuma na shiga. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Kaduna ta yi tata a 2018. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa, suka fito da mutum sama da 300, har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Na kalli hotunan a nan cikin abokan aiki Turawa, ban iya cin abinci ba ranar.

Inda nake ganin hukumar nan ta wuce gona da iri shi ne wajen likita da makaranta. Tun shari'ar wata uwa 'yar Katolika mai suna Victoria Gillick a 1985, likita na iya ba yarinyar da ba ta kai 16 ba maganin hana ɗaukar ciki ba da sanin iyayenta ba, in ya gamsu ta fahimci abin da take yi. Wannan har gobe ban yarda da shi ba. Darasin zamantakewa ya zama dole a makarantu tun 2020, kuma ka ji yadda iyaye Musulmi suka yi zanga-zanga a ƙofar makarantun firamare a Birmingham a 2019 kan abin da ake koya wa yara. Doka ta bar mana 'yar ƙofa: kana iya cire ɗanka daga darasin jima'i har ya kusa 16, kana iya cire shi daga darasin addini, kana ma iya koyar da shi a gida. Mu 'yan Arewa mun kama haya muna Islamiyya duk Asabar da Lahadi, yaranmu na sauka, ana walima da waina da zoɓo.

Na san abin da ke ƙasan tambayarka maganar babbar 'yata ce. Ka nema wa ɗanka ita tana sakandare, ta ce karatu take so, ka ɗauka dokar Turawa ce ta ɗaure mini hannu. A yau kam dokar na nan: tun Fabrairun 2023 ba a aurar da wanda bai kai 18 ba a Ingila da Wales, ko a masallaci ne kawai, ko a Kaduna aka kai yarinyar aka ɗaura, kuma hukuncin ɗaurin kurkuku na iya kai shekara 7. Amma ko babu ita ba zan tilasta mata ba. Na san malamanmu na Malikiyya sun ba uba damar aurar da budurwa, na kuma san Khansa'u bint Khizam ta kai ƙarar mahaifinta wurin Annabi (SAW) ya warware auren da ba ta so. Mijin da ta kawo bayan ta gama jami'a Bature ne, ya musulunta tun kafin su haɗu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya biya sadaki, ya yi lefe, kai ne kuma waliyyi, ka wakilta aminina ya ba da ita. Ɗansu sunan Baba ya ci. Amma har yau in an tashi zancenta a gida sai a ce wadda ta auri Nasara.

In Allah ya kai mu watan Agusta za mu zo da yaran. Ba za mu samu bikin da kuka sa a Yuni ba, don cire yaro daga makaranta ba izini tarar fam 80 ce a kan kowane yaro, uba daban uwa daban. Roƙona ɗaya: ka ja kunnen 'yan uwansu su daina yi musu Turanci da kiransu 'yan Ingila. Zuwanmu na baya auta ya ce wa Inna ina kwana da yamma, aka kwashe da dariya har da masu maimaitawa, daga ranar bai sake buɗe baki da Hausa ba har muka hau jirgin ƙasa a Rigasa. A bar su su kwana ɗakin Inna, a aike su shago sayen sukari, in sun yi kuskure a gyara musu a hankali. A gaishe mini da Inna da Gwaggo da duk mutanen gida.