Me ke tura ƙaramin tauraron ɗan Adam a sararin samaniya?

Tambaya: Malam, na ji yanzu ana ƙera tauraron ɗan Adam da bai fi kwalin takalmi girma ba. Shi ma yana da inji irin na roka? In babu, yaya yake canza hanya?

Amsa: Da yawansu ba su da inji sam. Roka ce ke kai su ta sake su, su yi ta kewaya duniya da gudun da aka ba su, har 'yar iskar da ta rage a can sama ta ci ƙarfinsu, su faɗo su ƙone. Irin da kake nufi ana kiransa CubeSat, tsarin da Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs suka fito da shi a Amurka a 1999, inda ake haɗa tauraron gida-gida, kowane gida guda santimita 10 ta kowane gefe.

Wanda kuwa zai kauce wa tarkace ko ya yi tafiya mai nisa, dole a sa masa abin tunkuɗa. Mafi sauƙi shi ne gas da aka matse a tanki, a buɗe bawul ya fesa, tauraron ya matsa ta ɗaya gefen. Da wannan MarCO, tagwayen CubeSat na hukumar NASA, suka riƙa gyara hanyarsu zuwa duniyar Mars a 2018. Ba ya yawan lalacewa, sai dai gas ɗin ba ya auki. Akwai kuma mai ƙona sinadari irin su haidirazin, wanda ke da ƙarfi nan take, amma guba ne, kuma masu roka ba sa son a jera musu shi kusa da babban kayan da suka ɗauko.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da na lantarki. Ana cire wa ƙwayoyin gas irin su zenon lantarkinsu, sannan a cilla su waje da gudun kilomita goma ko fiye a daƙiƙa guda. Turin da yake bayarwa kamar nauyin ɗan guntun takarda ne a tafin hannu, amma yana iya aiki makonni ba tsayawa, kuma ɗan gas kaɗan ya ishe shi. Matsalarsa wuta: farantin sola na ƙaramin tauraro ba wani abin kirki yake tarawa ba, kuma kyamara da rediyo su ma suna jiran rabonsu. Zenon kuma ga tsada, ga buƙatar tanki mai jure matsi. Shi ya sa kamfanin ThrustMe na Faransa ya koma ga sinadarin aidin, wanda ake ajiye shi a daskare sai an ɗumama shi ya zama tururi. An harba injin nasu a 2020, ya kuma yi aiki a sama.

Akwai ma wanda ba ya ɗaukar makamashi ko ɗis. LightSail 2 da aka harba a 2019 ya baza wani siririn mayafi mai sheƙi, murabba'in mita 32, hasken rana kawai ke tura shi. Bai faɗo ba sai a ƙarshen 2022.