Ɗana Ya Matsa Sai Ya Shiga Sikawut

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 11 ya hana ni sakat, wai sai ya shiga Sikawut a makarantarsu. Ni kuwa kwanan daji nake tsoro, mahaifinsa kuma ya ce wannan ai koyon aikin soja ne. Ina mafita? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Sikawut ƙungiya ce ta koya wa yara tarbiyya da dogaro da kai. Gaskiya ne wanda ya kafa ƙungiyar, Baden-Powell, hafsan sojan Ingila ne. Ya fara da yara 20 a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, abin ya iso Nijeriya a 1915. Amma babu bindiga a ciki, abubuwa irin su fareti da kaki suka aro daga soja. Ki gaya wa Alhaji sun fi kama da 'yan agajin da yake gani a filin Idi.

Ni ma na ɗaura ƙyallen nan na 'yan Sikawut a wuya ina aji biyar. A sansaninmu na farko na dafa shinkafa a murhun duwatsu uku, ta kama, muka cinye da ƙanzon. Can na koyi kafa tanti da ƙullin igiya iri-iri. Shekaru bayan haka, da ƙanena ya karye a hannu, ƙyalle na naɗe na rataye masa hannun har muka isa asibiti.

Tsoronki na daji kuwa yana kan hanya, musamman a halin da Zamfara take ciki. Ki je ki ga malamin da ke jagorantarsu ido da ido. Ki tambayi inda za su kwana, manya nawa ne tare da su, da yadda suke tsayar da salla. In a harabar makaranta ne, ki ɗinka masa kakinsa. In bayan gari ne, a bana dai kada ya je.