Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara koya wa yara rumbun bayanai?

Tambaya: Ni malama ce, ina koyar da kwamfuta a ƙaramar sakandare. Mun zo darasin rumbun bayanai, wato tsarin adana bayanai a kwamfuta yadda za a iya nemo su da sauƙi, yara 40 ne a ajin, kwamfuta kuwa uku kacal. Ta ina zan ɓullo wa abin?

Amsa: Malama, ki bar kwamfutocin nan su huta tukuna. Darasin farko da kwali ake yin sa.

Ki yanka kati 40 masu girma ɗaya. Kowane yaro ya rubuta lambarsa, sunansa da ranar haihuwarsa. Sai ki huda ƙofofi huɗu a bakin katin na sama, a wuri ɗaya cif a kowane kati, ki ba kowace ƙofa tambayarta: kana da ƙane? Kana buga ƙwallo? Wanda amsarsa "e" ce, ya sa almakashi ya tsaga ƙofar har baki. Mai "a'a" ya bar tasa yadda take. Ki gutsure kusurwa ɗaya ta dukkan katunan, don in wani kati ya juya baya a gane shi nan take.

Yanzu ki jera su, ki zura allurar saƙa a ƙofa ta biyu, ki ɗaga ki girgiza. Katunan 'yan ƙwallo za su zubo, sauran su maƙale. Ki zura allura biyu lokaci guda, sai masu "e" a duka biyun kawai su faɗo. Abin da kwamfuta ke yi ke nan idan an tambaye ta da SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, sauri kawai ta fi mu.

A darasi na biyu a kwashe bayanan zuwa jadawali a kan allo: kowane kati layi ɗaya a kwance, kowane irin bayani layi ɗaya a tsaye. Nan za ki nuna musu amfanin lamba. Yara biyu na iya yin suna ɗaya, ga masu rubuta Muhammad yau, gobe Muhammed, amma lamba ba ta maimaituwa. Ki zana jadawali na biyu na aron littattafai, wanda babu suna a cikinsa, sai lambar yaro da lambar littafi da rana. Haɗa jadawali da jadawali ta hanyar lamba shi ne tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da shi a 1970, kuma da shi bankuna da kamfanoni da yawa ke aiki har yau.

Sai a mako na uku za su hau kwamfuta rukuni-rukuni. Manhajar rumbun bayanai ta LibreOffice Base kyauta ce, ta wadatar. Ki lura da kurakurai uku da ba sa wuce yara. Suna ajiye shekaru maimakon ranar haihuwa, baɗi bayanin ya zama ƙarya. Suna saka lambar waya a gurbin lissafi, sifilin farko ya ɓace. Sannan wani ya fara da rana, wani da wata, a rasa ko 3/4 na nufin 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris.

Kada a saka adireshin gida ko bayanin lafiyar yaro a wannan gwaji.

Tambaya: Shin Excel ma rumbun bayanai ce?

Amsa: Ta lissafi ce, ko da yake tana ɗaukar ƙaramin jeri. In ba ka gindaya mata sharaɗi ba, za ta bar ka ka ba yara biyu lamba ɗaya, ba ta ce uffan ba. Rumbu na gaskiya ƙin karɓa zai yi.